Ranar tantance masu neman karatun likita: teburin takardu ya ɓata rawar

Da ganawar kaɗai za a auna, da na ba wannan kwalejin koyon aikin likita tauraro huɗu cikin biyar. Sai dai kafin ɗalibi ya ga ƙofar ɗakin ganawa dole ya bi ta teburin duba takardu, a nan kuwa gizo ke saƙar.

Saƙon da suka tura ta waya ya ce a hallara ƙarfe 8 na safe da abu uku: takardar sakamakon JAMB, sakamakon WAEC ko NECO, da rasit ɗin biyan kuɗi ta Remita. Ana isa teburin sai jerin ya yi tsawo: takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardar haihuwa, takardar NIN, hoton fasfo guda huɗu, kuma kowace takarda kwafi biyu. Injin kwafi ɗaya ne tal a bakin ƙofa, layinsa ya fi na tantancewar tsawo.

Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ya fi cin rai shi ne batun suna. Tun 2021 sai da lambar NIN ake rajistar JAMB, sunan da ke kan NIN ɗin shi ke fitowa a takardar JAMB. WAEC da NECO kuwa makarantar sakandare ce ke yi wa yaro rajista, da yadda malami ya ga damar rubuta sunan. Shi ya sa za ka ga Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan uba ya riga na yaro a takarda ɗaya, a ɗayar ya koma baya. Duk mai aiki a ofishin ɗaukar ɗalibai ya san wannan ruwan dare ne. Amma jami'in teburin, da zarar ya ga harafi ɗaya ya saɓa, sai ya tura fayil gefe ya ce a je kotu a kawo takardar rantsuwa. Kotun tana cikin gari. Kafin yaro ya hau adaidaita ya je, ya bi layin can, ya dawo, an yi Azahar, an kira rukuninsu an wuce. Waɗanda suka zo daga wata jiha sai neman wurin kwana da ba su shirya masa ba. Me zai hana a bar yaro ya shiga ganawa, ya kawo takardar daga baya? Balle ma rantsuwar ba ta gyara komai a kwamfutar JAMB; in kuskuren a NIN yake, sai an je ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, tukuna, sannan a nemi gyara a JAMB.

Ɗakin ganawar kuwa, gaskiya sun burge. Malamai uku ne, kusan minti goma kowane ɗalibi, ba tsawa ba wulaƙanci. Sukan fara da dalilin zaɓen likitanci, kuma ba sa barin amsar "ina so in taimaki al'umma" ta wuce haka nan, sai sun tambaya ta yaya. Daga nan ƴan tambayoyin Bayoloji da Kyamistare na matakin sakandare, irin su bambancin jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya da mai mayar da shi. Tambayar da ta fi kyau ita ce wadda suke cewa a yi wa uwa daga ƙauye bayani da Hausa yadda za ta haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A nan ake gane mai hadda da mai fahimta.

Sun kuma faɗi gaskiya kan gurabe. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likita a Najeriya, ita ce ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace kwaleji za ta ɗauka, don haka maki mai yawa ba tabbacin shiga ba ne. Ana iya karkatar da ɗalibi zuwa Anatomi ko Fiziyoloji, saboda haka ya karanta sunan kwas ɗin da kyau a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, kafin ya danna amincewa. Sun tuna wa kowa cewa shekara shida ne karatun, ga shekara guda ta horon asibiti a bayansa.

To amma da na tuno iyayen da suka wuni a rana babu rumfa babu benci, da yaran da aka kora kotu saboda harafi ɗaya, huɗun nan ba za ta yiwu ba. Tauraro biyu. Ko ranar fitar da sakamako ba su faɗa ba, sai "ku riƙa duba shafinmu", shafin da ya ƙi buɗuwa tun safe. Mai zuwa ya jera takardunsa a gida ya duba sunan harafi bayan harafi, in akwai saɓani ya yi rantsuwar a kotun garinsu, ya taho da kwafinsa a jaka.