Motar haya da direba daga Garwa zuwa Marwa: yadda muka kai Inna gida

Salamu alaikum jama'a. Tunda muka dawo 'yan uwa ke ta tambayata a WhatsApp wai wace mota muka ɗauka daga Garwa zuwa Marwa, nan arewacin Kamaru, da Inna, nawa muka biya, ya fi bas ɗin ajans (kamfanin sufuri) ko kuwa asarar kuɗi ce. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Ni a Marwa aka haife ni, unguwar Kakatare, ina shekara 11 Baba ya kwaso mu muka dawo Garwa saboda aikinsa na auduga, Allah ya jiƙansa. Inna rabonta da Marwa tun 2009, kullum maganarta kenan in an zauna hira, ga ciwon gwiwa ga sukari, ba za ta iya zaman bas ba dan tana buƙatar sauka akai akai ta miƙe ƙafa ta kama ruwa, kuma kun san bas ba ya tsayawa dan mutum ɗaya. Shi yasa da yara suka samu hutun ƙarshen shekara na ce ko nawa ne zan ɗauki mota tamu ta kanmu. Wani abokina ya haɗa ni da wani mai bada motoci haya a nan Yelwa, ya ba mu Picnic mai kujera 7, tsohuwa ce amma injinta lafiya lau. Mu shida ne, ni da Inna da maiɗakina da yara uku. Mun daidaita jaka 40 na sefa a rana kwana uku, mai namu, abincin direba da makwancinsa namu, rabin kuɗin na tura ta Orange Money tun kafin ranar. Peyaj ma, wato kuɗin hanya, mu ke biya, 500 duk shinge.

Abin da ya fara ɓata min rai shine latti. Direban da bakinsa ya ce min ranar Lahadi kasuwar Pitowa ke ci, mu fita ƙarfe 6 kafin hanya ta cika, muka tashi tun asuba Inna ta shirya ta zauna a ƙofar gida da carbinta cikin wannan sanyin, shi bai iso ba sai bakwai da rabi wai ya tsaya faci. Facin da ya kamata ace tun jiya an yi shi. Aikuwa muna isa Pitowa muka faɗa cikin shanu da amalanke da masu babur, tafiyar kilomita 15 ta cinye mana kusan awa guda.

Amma wallahi daga nan mutumin nan ya wanke kansa. Tun wajen shiga mota na fara lura da shi, ya buɗe bayan motar ya ciro wata 'yar kujerar tsuguno ta katako ya ajiye wa Inna ta taka, ya ce "Dada a hankali, babu gaggawa", kuma duk inda muka tsaya har muka dawo sai ya ciro kujerar nan ba tare da an tuna masa ba. In ya hango rami tun daga nesa yake sauke gudu, ba irin masu taka burki a kan ramin ba, kuma hanyar nan kilomita 200 da 'yan kai ce, akwai wuraren da kwalta ta farfashe sosai. Tun ana gobe tafiya da dare ya bugo ya ce kowa ya ɗauko katinsa yara kuma takardar haihuwa, nasa takardun a cike suke, dan haka duk shingen jandarma minti biyu mun wuce. Maganar mai ce kawai muka ɗan ja, ni na so mu sayi zuwa-zuwa, wato man 'yan bumburutu, a bakin hanya dan ya fi sauƙi, shi ya ce sam sai gidan mai, ba zai zuba abin da bai san haɗinsa ba ga tsohuwa a mota. Na ji zafin kuɗin amma gaskiyarsa ce.

A Figil muka ci tsire da shayi, garin duk farar ƙurar kamfanin siminti ta lulluɓe ganyen itatuwa. Muna barin Figil kilim, wato na'urar sanyaya mota, ta mutu. In an rufe gilashi zafi, in an buɗe ƙurar hunturu, Inna ta kama tari har hankalina ya tashi. Direban ya tsaya ya jiƙa gefen mayafinta da ruwan gora ya ce ta rufe hanci, ya mayar da ita kujerar gaba, hakan ya taimaka sosai. Na kira mai motar yake ce min wai gas ne ya ƙare, to kenan ya sani tun farko bai faɗa min ba, kuma da muka dawo jaka 5 kacal ya rage. Wannan kam ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, mutum ya biya kuɗin mota mai sanyi saboda mahaifiyarsa a ba shi akasin haka.

Bayan Muturwa wajen Salak muka shiga gonakin masakuwa, dawar rani, kore shar iya ganinka alhali ko'ina ya bushe. Inna ta ce a tsaya. Mu muna ganin an kusa gari, amma shi ko uffan bai ce ba ya gangara gefe. Ta sauka ta taka har bakin gona ta tsuguna da ƙyar ta sa hannu cikin tsagewar baƙar ƙasar nan, tana nuna wa jikokinta yadda ake huda rami da sanda a zuba ruwa a dasa bayan damina ta wuce, shikenan ba wani ruwa kuma har girbi, ta ce da hannunta ta yi wannan dashen tana budurwa. Ta nemi dutsen Mindif ta nuna musu, hazo ya rufe shi, ta dai nuna musu saitinsa.

Shigarmu Marwa dogon yaro hagu da dama kamar yadda na bar su, kogin mayo Kaliyawo ba ɗigon ruwa sai yashi, yara na buga ƙwallo a ciki daidai inda muke bugawa. Gidanmu kuwa an sayar tun tuni, an rushe katangar ƙasa an sa bulo da ƙofar ƙarfe. Lungun ƙarami ne, direban ya shiga da baya a hankali har ƙofar gidan dan kar Inna ta yi tafiya. Ni na tsaya na kasa sallama, nauyi nake ji kuma maƙogwarona ya cushe. Shi ne ya je ya ƙwanƙwasa, ya gaida maigidan da Fulatanci ya yi masa bayani, sai ga matar gidan ta fito ta kama hannun Inna ta shiga da ita. Rijiyar da Baba ya haƙa tana nan, da marfin ƙarfe yanzu. Sun fi awa ɗaya a ciki, bai taɓa danna oda ba ko ya kalli agogo.

Wanda zai ɗauka ina ba shi shawara ya je tun ana gobe ya kunna kilim da hannunsa ya duba safaya, a kuma faɗi lokacin tashi a gaban mai motar. Matasa zalla kam su hau bas su adana kuɗinsu. Inna ta ce bayan ƙaramar sallah za ta koma gaida ƙanwarta a Domayo kuma ba za ta bi kowa ba sai wannan yaron, har kilishin da ta sayo ta ware masa nasa. Na riga na faɗa wa mai motar direban muke so, amma sai na ga an gyara kilim kafin in tura ko dala.