Laiset ɗin RAD51 na OriGene: abin da yake tabbatarwa a westan bulot da abin da ba zai iya ba

Idan aka buga westan bulot, wato gwajin gano wani furotin a cikin samfur, ana neman RAD51, furotin da ke gyara DNA da ya tsinke, sai fim ya fito fari fat, zargi kan rabu gida uku: ko antibodi, wato abin da ke manne wa furotin ɗin don a gan shi, shi ne bai kama ba, ko furotin bai ƙaura daga jel ɗin da ke rarraba furotin bisa nauyi zuwa fatar PVDF da ake bugawa a kai ba, ko kuma samfurin ne ba shi da shi. Don raba wannan gardama ake sayen laiset, wato ruwan fasassun sel da aka sa su samar da furotin ɗin fiye da kima. Na kamfanin OriGene da ke Rockville a jihar Maryland ta Amurka yana cikin waɗanda aka fi gani a ɗakunan bincike, kuma yana yin aikinsa sosai, matuƙar an san iyakarsa.

Ana yin sa ne da sel na HEK293T, wasu sel na ɗan Adam da ake renonsu a ɗakin bincike. A sa musu fulasmid, wato ɗan zoben DNA, mai ɗauke da ƙwayar gadon RAD51 ta ɗan Adam, ƙarƙashin mai ingizawa na CMV da ke sa a yi ta samar da furotin ɗin, sannan a fasa su cikin ruwan RIPA tare da magungunan da ke hana furotin narkewa. Waɗannan sel suna ɗauke da babban antijin T na ƙwayar cutar SV40, wanda ke sa fulasmid ɗin ya hayayyafa a cikinsu, shi ya sa furotin ke fitowa da yawa haka. Ana sayar da shi a maikirogiram 20 ko 100. Na 100 yana zuwa a daskare, tare da kwalba ta biyu ta laiset ɗin HEK293T da ba a cusa wa RAD51 ba. Wannan kwalba ta biyu ce mutane suka fi rainawa, alhali rabin amfanin kayan yana cikinta.

RAD51 na asali yana da amino asid 339, yana tsayawa kusa da 37 kDa, ma'aunin nauyin furotin. Shi ne ke hawa kan zaren DNA guda ɗaya a inda zare biyu suka tsinke, furotin BRCA2 ya ɗora shi a wurin da wani furotin mai suna RPA yake, sannan ya nemo kwafi mai kama da shi don a ɗinke ɓarakar. Wanda ke cikin wannan laiset yana da tambarin Myc-DDK, wani ɗan gajeren jerin amino asid da aka liƙa masa a ƙarshensa na C don a gane shi, wanda ke ƙara masa nauyin kusan 3 zuwa 4 kDa. Saboda haka a nemi layinsa a kan fim wajen 40 zuwa 41 kDa. Su kuma sel na HEK293T suna rarrabuwa da sauri, suna da RAD51 nasu na gida. Antibodi mai kyau zai nuna layi ɗaya siriri a 37 kDa a ramin jel da aka zuba kwalba ta biyu, a ramin laiset mai RAD51 kuwa ya nuna biyu: mai kauri a sama, siriri a ƙasansa. Wannan layi biyu ba lalacewa ba ce, shi ne hoton da ake so. Idan an yi shakka, a wanke fatar a sake bugawa da antibodin DDK ko na Myc. Layin sama kaɗai ya kamata ya amsa. DDK jeri ɗaya ne da FLAG, wato DYKDDDDK, don haka antibodin FLAG ma yana kama shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba shi kamar samfur na yau da kullum. Idan samfuranku maikirogiram 20 zuwa 30 ne a kowane rami, laiset ɗin nan ya wadatar a maikirogiram 1 zuwa 5, kuma da antibodi mai ƙarfi ana iya sauka ƙasa da haka. Idan aka zuba 20, layin kan kumbura ya shanye na 37 kDa, ya malala zuwa ramin maƙwabci. Wani lokaci tsakiyarsa ta fito fari gefensa baƙi, domin HRP, sinadarin da ke jikin antibodi mai sa layi ya yi haske, ya cinye ruwan ECL ɗin wurin, wanda hasken ke fitowa daga gare shi, nan take kafin a ɗauki hoto. Ga kuma wata illar: dole a taƙaita lokacin ɗaukar haske saboda shi, sai samfuran gaske su fito kamar babu komai a cikinsu. Maganin shi ne a gwada maikirogiram 0.5, 1, 2 da 5 a bulot na farko, a zaɓi wanda ƙarfinsa ya yi kusa da na samfur, a sa shi a ramin ƙarshe, a bar rami ɗaya fanko tsakaninsa da sauran.

Sauran aikin ba sabo ba ne. A narkar da shi kan ƙanƙara, a haɗa da ruwan loda samfur mai SDS da DTT, sinadaran da ke warware furotin, a dafa minti 5 a digiri 95. A tare fatar da madara kashi 5 cikin ɗari a ruwan wanki na TBST na awa ɗaya, antibodi na farko ya kwana a digiri 4, a fara da tsarma 1:1000 idan takardarsa ba ta ce wani abu daban ba. Jel ne ke buƙatar lura: a ɗauki na kashi 10 ko 12 cikin ɗari, a bar shi ya yi tafiya sosai, in ba haka ba 37 da 41 za su manne su zama dunƙule ɗaya.

Akwai tarko a zaɓen furotin na auna daidaiton zubi. GAPDH yana wajen 36 zuwa 37 kDa, daidai kan RAD51 na gida. Beta-aktin yana 42 kDa, daidai kan mai tambari. Duka biyun ba su dace da wannan bulot ba, sai dai a wanke fata a sake bugawa, kuma layi mai kauri irin na laiset ba ya wankuwa tas, ragowarsa kan bayyana a matsayin aktin na ƙarya. Binkulin, wanda ke sama da 100 kDa, ya fi sauƙi: a yanke fatar wajen 70 kDa a buga rabi biyun lokaci guda. Rinin Ponceau S kafin a tare fata ma yana nuna ko ƙaura ta yi kyau.

Inda nake ganin ake ɗora wa kayan nan nauyin da ya fi ƙarfinsa shi ne batun tantance antibodi. Ganin layi a 41 kDa yana nuna antibodi na iya kama RAD51 idan an tara masa shi tuli. Bai nuna zai gan shi a nama ko a sel masu rarrabuwa a hankali ba, inda furotin ɗin ƙalilan ne. Bai kuma nuna cewa layin 37 kDa da ke samfurinku RAD51 ne ba. Kwalba ta biyu ba shaidar rashi ba ce, tunda tana da nata. Sel da aka cire wa RAD51 gaba ɗaya ba sa rayuwa, ɓeraye ma tun suna ciki suke mutuwa, don haka hanyar da ta rage ita ce rage shi da siRNA, wato guntayen RNA da ke hana sel samar da furotin ɗin, na awa 48 zuwa 72 a ga layin ya dusashe. Masu aiki da naman maraina su ƙara lura da DMC1, ɗan'uwansa na rabuwar ƙwayoyin haihuwa: amino asid 340, nauyi kusan ɗaya, jerinsu ya yi kama da kusan rabi. A nan sayen laiset ɗin DMC1 a buga su gefe da gefe ya fi sake sayen na RAD51 amfani.

Haka nan furotin da aka dafa cikin SDS ya warware, bai ce komai ba game da yadda antibodi zai yi a rinin sel, inda ake ƙirga ɗigogin RAD51 cikin cibiyar sel bayan an buga musu haske mai lalata DNA. Kuma ba a yi laiset ɗin daga sel da aka ji wa rauni ba, don haka kada a dogara da shi wajen gwada antibodin fosfo, wato mai kama furotin ɗin kawai idan an liƙa masa alamar fosfet, kamar na gurbin Thr309 da furotin Chk1 ke sa wa alama.

Ajiya kuwa ita ce ke raba mai riba da mai asara. Na maikirogiram 100 yana zuwa cikin busasshiyar ƙanƙara, mazauninsa firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Ga ɗakunan bincike na Kano, Zariya ko Yamai, inda kaya kan daɗe a hanya kuma wuta ba ta da tabbas, a duba ko akwai ragowar ƙanƙara a akwatin ranar da ya iso. Duk narkewa da sake daskarewa na ba magungunan kariya damar raunana, sai a fara ganin ƙananan layuka da shafe-shafe ƙasa da 37 kDa. Tun ranar farko a haɗa shi da ruwan SDS, a dafa, a raba shi ƙananan kwalabe na zubi ɗaya ɗaya. A maikirogiram 2 kowane rami, ƙaramar kwalbar 20 za ta ba da bulot goma, wanda ya isa gwajin antibodi ɗaya. Ta 100 ta fi dacewa da ɗakin da ke buga RAD51 kowane mako, ko ƙungiyoyi biyu da za su haɗa kuɗi su raba kwalaben tun kafin a mayar da su firiza.