Tutar Lisbon da na sayo: ɗinki ya yi, hankaki ne ba su fito ba

Autana tara tutoci yake yi, don haka da aiki ya kai ni Fotugal sai na ce bari in sayo masa ta birnin Lisbon, tunda yana da ta ƙasar. A unguwar Baixa na samu wani ɗan shagon tsaraba, rabinsa magnet ɗin firij ne da gwangwanin kifin sadin.

Tutar kyakkyawa ce: baƙi da fari, yanka takwas masu haɗuwa a tsakiya kamar an raba gurasa. Tambarin birnin na tsakiya, jirgin ruwa a kan igiyoyin ruwa kore da fari, hankaka ɗaya a goshinsa, ɗaya a bayansa, suna kallon juna. Dattijuwar da ke shagon ce ta ba ni labarinsu, da ɗan Turancinta da nunin hannu. Wai a 1173 Sarki Afonso Henriques ya sa aka ɗauko ƙasusuwan waliyyinsu Vicente daga yankin Algarve da ke kudancin Fotugal ta teku, hankakin nan suka rako jirgin har Lisbon. Nasu baƙi ne wuluk, ba irin namu mai farin ƙirji ba.

Ta kuma sa na ƙirga hasumiyoyin kambin da ke saman tambarin. Biyar na birni ne, huɗu na gari, kuma kambin Lisbon ruwan zinariya ne saboda ita ce hedikwata. Wallahi wannan bayanin ya fi tutar daraja a wajena. Daga baya na gane Ceuta, da ke gaɓar Maroko a hannun Sifaniya, irin wannan baƙi da farin take kafawa, gadon mamayar da Fotugal ta yi mata a 1415.

Sai dai da na warware ta a masauki na ga aika-aika. Yadin roba ne mara nauyi, bakin dai an kalmashe shi da kyau. Amma bugun tambarin ya dagule, hankakin sun koma kamar 'yan tsaki da suka faɗa tawada, rubutun kirarin birnin, "Mui Nobre e Sempre Leal", kuwa sai ka ƙanƙance ido. A leda take a naɗe, ni kuma ban ce a buɗe ba, laifina ne.

Washegari na koma. Ba gardama, ta karɓa, na yi ciko ta ba ni ƙarama ta kan tebur mai aikin zare. A wannan har bakin hankakan ana gani. In za ku je, ku ce a warware muku kafin ku biya.