Gargaɗi Ga Masu Manyan Mashina A Zariya: Ku Kula Da Mai Sayar Da Kan Mashin Na Jabu

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu hawa mashin, musamman masu tafiyar nesa. Na rubuta wannan ne don abin da ya same ni kada ya sami wani, domin da ƙarar kwana ce ta zo da yanzu wani labarin ake yi.

Ina da tsohon Suzuki V-Strom 650, da shi nake zirga-zirga tsakanin Zariya, Kaduna da Funtuwa. Kafaɗa ta dame ni da ciwo, sai na yi shawarar canza kan mashin ɗin, wato ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa shi, da wanda ya ɗan fi tsayi. A Facebook na ci karo da wani mai tallar kawunan mashin, ya ce na alminiyon ne daga Ingila, ga hotuna gwanin sha'awa. Muka koma WhatsApp. Ya ce shagonsa na Legas amma yana da yaro a Zariya da zai kawo ya ɗaura mini kyauta. Kuɗi naira 60,000, in kuma zan bar musu tsohon kan nawa, in biya 45,000. Na ga kamar sauƙi ne, na tura.

Yaron ya ce mu haɗu a ƙarƙashin gadar Kwangila bayan la'asar. Na ce ya zo garejin bakanikena a Sabon Gari, ya ce sauri yake yi, wani na jiransa a Samaru. Tun a nan ya kamata in farga. Ya zo da kan a naɗe cikin leda, baƙin fenti sai ƙyalli, da sitika a tsakiya. Yana cikin ɗaurawa na ga ya yanko gwangwanin lemo ya naɗe tsakiyar ƙarfen kafin ya ɗaure notuna. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce, "Haba yallaɓai, haka ake yi don kada fenti ya goge." Ya kuma sa zarto ya goge wani ɗan tsinin roba a cikin gidan makunnan fitila. Ya ɗauki tsohon kaina ya haye acaɓa.

Kwana uku bayan nan, na wuce Shika na nufi Giwa, akuya ta faɗo titi. Ina damƙe birkin gaba, sai kan ya juya gaba ɗaya ya kife gaba, ƙirjina ya daki tanki, hannun birkin ya kuɓuce daga yatsuna. Allah ya kiyaye ba tirela a bayana, na gangara gefen hanya da ƙujewa a gwiwa da targaɗe a wuyan hannu.

Da bakanikena ya kwance, ya daɗe yana juya ƙarfen a hannu yana girgiza kai. Ya ɗauko mayen ƙarfe na tsohuwar sifika ya kara, ya manne caraf. Alminiyon ba ya kama mayen ƙarfe. Ya kankare fentin da wuƙa, sai ga layin walda tun daga wannan baki har wancan. Bututun famfo ne na rabin inci aka lanƙwasa aka fesa masa fenti. Ya ce, "Alhaji, da wannan ka yi ta gudu a titin Funtuwa?"

Ga inda dabarar take, kuma shi nake so kowa ya riƙe. Kan irin mashin ɗina kaurinsa milimita 22 ne da ɗoriya kaɗan, wato 7/8 na inci. Bututun famfon kuwa 21.3 ne. Da ido ba za ka bambance ba, amma mariƙin da ke damƙe kan a jikin mashin ba zai taɓa cizonsa da kyau ba, shi ya sa aka cusa gwangwani. Akwai mashinan da nasu inci 1 ne, akwai masu kaurin tsakiya na milimita 28.6, don haka sai ka san naka kafin ka sayi komai. Shi kuma tsinin robar da yaron ya goge, shi ne ke shiga wani ɗan rami a jikin kan don kada gidan makunnan ya riƙa juyawa. Mai aikin gaskiya huda ramin yake yi, ba ya goge tsinin.

Akwai kuma maganar wayoyi. Kan da ya fi tsayi yakan buƙaci wayar totur, ta kuloci da tiyon birki masu tsayi. Nawa a ɗame suke. Bakaniken ya tayar da mashin, ya karya kan zuwa gefe har ƙarshe, sai injin ya ɗaga murya da kansa ba wanda ya taɓa totur. Ku yi wannan gwajin hagu da dama duk lokacin da aka taɓa muku kai, kafin ku hau titi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsohon kan nawa, na asali, lafiyayye. Shi suke nema tun farko, ragin 15,000 ɗin tarko ne. Na kira lambar, an toshe ni. Shafin ya canza suna, hotunan dai su ne. Wani abokin hawanmu na Tudun Wada ya ce shi ma an yi masa tayin musayar da irin waɗannan kalmomin.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na kuma sanar da bankina tare da shaidar tura kuɗin. Duk wanda aka ɗaura wa kai a bakin titi cikin watannin nan, don Allah kada ya sake hawa sai an kwance mariƙin an duba. In ya ga gwangwani a ciki, ya ajiye ƙarfen da hirarsu ta WhatsApp, ya neme ni mu haɗa ƙarar wuri guda.