Hattara da mai tallan gogen Sin a Instagram

Jama'a, assalamu alaikum. Na so in rufa wa kaina asiri in yi shiru, to amma shekaranjiya na sake cin karo da tallan mutumin nan, ya canza sunan shafi, hotunan kuwa su ne dai na da. Shi ya sa na ce gara a yi mini dariya da a sake damfarar wani.

Erhu ake ce wa abin, gogen mutanen Sin mai tsirkiya biyu. Na taso ina son sautin goge da kukuma, don haka ranar da na ji wani dattijo yana kaɗa erhu a wani bidiyo, sai da tsigar jikina ta tashi. Ina ta bincike a waya, tallan ya faɗo mini: wai shi wakili ne a birnin Guangzhou na Sin, zai aiko da erhu na asali mai fatar mesa, haɗe da darasin wata uku, kuma cikin kwana 30 zan fara kaɗa waƙa. Muka koma WhatsApp. Bakinsa kamar zuma, kowace magana sai ya ce "ranka ya daɗe". Na tura Naira 90,000.

Bayan mako biyu ya kira, murya a raunane. Wai an riƙe kaya saboda fatar mesa, sai an biya Naira 50,000 na takardar CITES. A nan ya kama ni, domin ƙaryar tasa tana da ƙafa. CITES yarjejeniya ce ta gaske da ke sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, mesa na cikinta, kuma tun 2005 Sin ta wajabta wa erhu mai fatar mesa shaidar cewa fatar ta halal ce, daga mesar kiwo. Na duba na ga haka ne, na biya. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, shaidar nan tun daga wurin masu ƙera shi take biyo kayan, izinin fitarwa kuma kafin kaya su bar Sin ake nemansa. Ba a tsakar hanya ake tura kuɗinsa asusun wani mutum ba.

Kaya dai sun iso, a kwali, ta motar haya. Da na buɗe, wallahi har na yi murna, ja wur yana sheƙi. Na riƙe shi minti biyar, na duba tafin hannuna, ya yi ja kamar na sa lalle. Fenti ne aka shafa wa farin katako mara nauyi. Fatar kuwa leda ce aka buga wa zanen maciji, sumul, ko da farce ba ka jin tudun ɓawo ɗaya. Na murɗa maɗauri, tsirkiya ta ɗame, ina saki ya warware.

Wani ɗan ƙanwata da ke karatu a Sin ne ya nuna wa abokinsa mai kaɗa erhu hoton. Ya ce, "Kawu, wannan na ado ne, irin wanda ake rataye wa a bango." Ya lissafo mini abubuwan da da na san su tun farko, hoton tallan kaɗai ya isa ya tona asirin mutumin. A erhu na gaske, izgar bakan tana ratsawa ne tsakanin tsirkiyoyin biyu, ba a raba su sai an kwance bakan. Nawa bakan a gefe yake, a ɗaure da roba. Akwai zaren da ake naɗawa a sama ya riƙe tsirkiya da wuyan gogen, qianjin suke ce masa, nawa babu. Akwai ɗan katakon da ke zaune a kan fata yana ɗauke da tsirkiya, irin wanda masu gogenmu ke kira jaki, da ɗan ƙyalle ko soso a ƙasansa mai tace sauti. Nawa jakin manne yake da gam. Ko ƙaron da ake goga wa izga bai sa ba, alhali sabon baka in ba a goga masa ƙaro ba, ko na kirki ne ba zai yi kuka ba.

Kada ku fahimce ni a baibai, fatar roba ba laifi ba ce. Ana yin erhu masu kyau da ita, kuma ta raba ka da rigimar takarda. Laifin shi ne a sayar maka da ita da sunan mesa.

Darasin ma tatsuniya ce. Bidiyo shida ya turo, da Sinanci, an yanke gefen da tambarin mai su yake. Batun kwana 30 kuwa, erhu ba shi da allon da yatsa ke danne tsirkiya a kai, ba shi da alamar inda za ka sa yatsa, a iska kake dannawa, kunnenka ne jagora. Tsirkiyar ciki a kan sautin da makaɗa ke kira D ake saita ta, ta waje a kan sautin A, kuma mai koyo yakan shafe makonni yana jan baka a kansu kawai, ba tare da ya danna komai ba, kafin ƙarar ta daina kama da ta tsohuwar ƙofa. Rubutun kiɗansu ma da lambobi ne, 1 zuwa 7, sai ka zauna ka koye shi. Duk malamin da ya tsallake wannan ya yi maka alkawarin waƙa, aljihunka yake kallo.

In kuna so ku saya, ku ce ya kira ku ta bidiyo, ya kaɗa ainihin wanda zai aiko, ya matso da fatar kusa da kyamara, ya nuna shaidarta. Ku tambayi inda aka ƙera shi. Suzhou da Wuxi da Shanghai da Beijin su ne suka yi suna a wannan sana'a. Ni da na nemi kiran bidiyo tun farko, cewa ya yi intanet ɗin can ba ya barin WhatsApp sosai, na kuma yarda.

Da na tura masa hoton tafin hannuna, ya karanta, alama ta yi shuɗi, daga nan ya toshe ni. Na kai ƙorafi banki da duk shaidar tura kuɗin, ina jira. A sabon shafin nasa ya ƙara da sarewar Sin, kuma farashin erhu ya koma Naira 120,000.