Tsakanin Sertraline da Ƙwayoyin Ƙarin Sinadari: Amsa ga 'Yar'uwarmu Mai Fama da Faɗuwar Gaba

'Yar'uwa, kin ce wata huɗu ke nan gabanki na faɗuwa ba dalili, zuciya na bugawa, barci ya ƙaurace miki. Likita ya rubuta miki sertraline amma kin kasa fara sha saboda tsoron kada ki saba da shi, sai wata ƙawarki ta ba ki shawarar 5-HTP da L-theanine da bitamin B, wai su na halitta ne. Kina son sanin wanne ya fi. Allah ya ba ki lafiya. Ƙanwata ta bi wannan hanyar, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Bitamin ba ya buƙatar dogon bayani. Idan jikinki na da ƙarancin B12 ko bitamin D, cike giɓin zai taimaka. Idan babu ƙaranci, asarar kuɗi ce, kuma yawan B6 na tsawon lokaci yana lalata jijiyoyi har hannu da ƙafa su riƙa dindiris. Abin da ya fi sayen kwalba muhimmanci shi ne gwajin jini. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa ga mata bayan haihuwa, yana sa bugun zuciya da haki. Haka ma idan tayirod, wato halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, tana aiki fiye da ƙima. Dukansu suna kama da fargaba sak.

L-theanine daga ganyen shayi ake samun sa, a Japan aka gano shi a 1949. Yawancin binciken da aka yi a kansa da miligiram 200 zuwa 400 ne a rana, a kan mutane kaɗan, na ɗan gajeren lokaci. Yana iya ɗan kwantar da hankali, kuma ba a san shi da illa mai tsanani ba. Amma mai faɗuwar gaba ta wata huɗu, wadda ta hana ta barci, ta wuce abin da zai iya.

5-HTP ne nake son ki buɗe ido a kansa. Daga irin wata itaciya ake tatsar sa, Griffonia, da ke fitowa a Gana da Togo da Kwaddibuwa. Jiki yana mayar da shi sirotonin, wani sinadari da ke da hannu a yanayin da mutum ke ji a ransa, kuma sertraline ma sirotonin ɗin yake ƙarawa a ƙwaƙwalwa. In aka haɗa su, sinadarin na iya yin yawa: zufa, karkarwa, zazzaɓi, gudawa, ruɗewa, wani lokaci sai an kwantar da mutum a asibiti. Tramadol ma haka yake yi idan ya haɗu da ɗayansu. Don Allah kada ki sha su tare. Kalmar "na halitta" kuma kada ta ruɗe ki. A 1989 a Amurka, ƙwayar tryptophan, wadda 'yar'uwar 5-HTP ce, ta jawo wa mutum fiye da 1,500 wata muguwar cutar jini da tsoka, wasu suka rasa rayukansu, aka kuma danganta abin da kayan wani kamfani guda. Har yanzu dokar ƙasar ta 1994 ba ta tilasta wa masu irin waɗannan ƙwayoyi su tabbatar suna magani kafin su kai kasuwa ba. Daga can wasu kwalaben nan masu kyan kwali suke zuwa.

Sertraline kuwa an gwada shi a kan dubban mutane, an san abin da yake yi da abin da ba ya yi. Aibinsa rashin sauri. Sai ya ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsa sosai, kuma makon farko yana iya ƙara fargabar, ga tashin zuciya da ciwon kai. Ƙanwata a kwana na biyar ta jefa katin cikin durowa, ta ce maganin ya fi cutar. Da ƙyar muka lallashe ta ta koma wurin likita, ya rage mata zuwa rabin ƙwaya na 'yan kwanaki. A mako na shida da kanta ta shiga kasuwa ta yi cefane, abin da ta yi wata uku ba ta iya ba. Ba ya sa maye, ba ya sa ƙishirwar ƙari. Sai dai ba a yanke shi rana ɗaya. Ana ci gaba da sha watanni bayan an samu sauƙi, sannan likita ya rage shi a hankali.

Tsoron sabon da kike ji yana da gurbi, amma gurbinsa diazepam ne da Lexotan, waɗanda mutane ke karɓa a kemis ba takarda. Cikin awa guda suke kwantar da hankali, shi ya sa ake son su, kuma shi ya sa suke kama mutum. Likitoci ba sa son a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan su.

Da ni ce, zan koma wurin likitan da kwalaben ƙawar tawa a leda, in nuna masa, in nemi gwajin jini da na tayirod, in gaya masa idan ina da ciki ko ina shayarwa, sannan in fara sertraline yadda ya tsara. Zan kuma tambaye shi zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam, don yana aiki ƙwarai a kan fargaba. Ana samun su a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato. Kafin nan ki rage goro da kofi da lemon ƙarin kuzari. Idan kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, musamman a makonnin farko na maganin, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki gaya wa wani na kusa ku tafi asibiti a ranar.