Hujin kunne a wani ƙaramin asibiti a Garwa: aikin ya yi kyau, amma da sauran gyara

A farkon watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa da ke arewacin Kamaru ke haura digiri 40, na kai 'yata mai wata huɗu wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa domin a huda mata kunne. A gidanmu tsohuwa ce take huda wa jaririya kunne da allura da baƙin zare tun kafin suna, kuma ni ma haka aka yi mini, amma tun da na ga yadda kunnen ɗiyar yayata ya yi ta ruwa har kusan wata biyu na ƙudura cewa tawa sai a hannun ma'aikaciyar jinya. Hajiya, uwar mijina, ba ta so ba, sai dai da ta ga ba zan fasa ba ta yafa mayafinta ta biyo ni.

Abu na farko da aka nema shi ne karne, wato katin rigakafi, kuma wannan ya kwantar mini da hankali. Majo, shugabar ma'aikatan jinyar, ta duba ta tabbatar an yi wa yarinyar alluran mako 6 da 10 da 14, waɗanda suka haɗa da rigakafin tsinkau-tsinkau da na ciwon hanta nau'in B, sannan ta bayyana mana cewa ciwon hantar yana iya wucewa daga mutum zuwa mutum ta allura ko aska guda da aka yi wa mutane da yawa aiki da ita. Kuɗin aikin sefa 2,000 ne, wanda ban ga tsadarsa ba, amma 'yan kunnen da suke sayarwa a wurin sun ninka farashin kasuwa, kuma babu wanda ya iya gaya mini ko akwai ƙarfen nikel a cikinsu, alhali shi ne yake sa wa mutane da yawa ƙaiƙayi da kumburi. Allah ya taimake ni na zo da na zinariya daga gida.

Wadda aka ba aikin matashiya ce daga kudancin ƙasar. Ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, kuma a nan ne Hajiya ta hango ɗan zanen tatu a wuyan hannunta na hagu, nan take fuskarta ta canja. Ta ce da ita, "Yarinya, wannan zanen fa na mene ne?" Ita kuwa ta amsa cikin Fulatancin da ta koya a nan cewa sunan mahaifiyarta ne da ta rasu. Hajiya ta juyo gare ni ta ce a sake mana wata, domin an la'anci mai yin zane da wadda ake yi wa. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim, kuma ni ban yi musu da shi ba, amma ban ga yadda zai hana mu amfana da aikin hannun baiwar Allah ba, wadda ma ba Musulma ba ce.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne matsayin majo, Bafillatana dattijuwa mai tsohuwar jarfa a gefen bakinta da aka yi mata tun tana ƙarama. Ta ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, ni da kuke gani ma ai da tawa, kuma babu mai tsabtar hannu a nan kamar wannan yarinya." Ta ƙara da cewa zanen da ya warke fata ce kamar kowace fata, kuma abin da take hana ma'aikatanta shi ne zobe da awarwaro da dogon farce, saboda su ne ke ɓoye ƙwayoyin cuta. Duk da haka daga baya wata ma'aikaciyar ta raɗa mini cewa yawancinsu ba sa son tatu ko barimar hanci a bakin aiki, kuma sukan sa matashiyar ta rufe zanen da filasta idan manyan mutane suka zo. Na lura tsaga da bille da jarfar gado ba sa damun kowa a cikinsu, na zamanin ne kawai ake yi wa kallon rashin kamun kai.

Aikin kansa bai kai minti biyar ba. Ta sa safar hannu, ta goge kunnen da maganin kashe ƙwayoyin cuta na Betadine, ta ɗiga alama da alƙalami ta nuna mini ko sun daidaita, sannan ta ɓare sabuwar allura a gabanmu. Yarinyar ta tsala ihu sau biyu, na ba ta nono ta yi shiru.

Inda suka gaza kuwa shi ne wurin mu'amala. Mun yi zaman jira fiye da awa biyu a kan benci ba fanka, kuma a nan na ga wata budurwa da ta zo da saman kunnenta a kumbure yana fitar da mugunya, bayan hujin da ƙawarta ta yi mata a gida. Maimakon a fara duba ta, wata ma'aikaciya ta tsaya yi mata faɗa a gaban jama'a, wai huji uku a kunne ɗaya aikin 'yan iska ne. Hujin guringuntsi ya fi na leɓatun kunne wuyar warkewa, yakan ɗauki watanni, kuma idan ya ruɓe yana iya lalata siffar kunnen, saboda haka wadda ta zo da irin wannan magani take bukata da gaggawa. Budurwar ta rufe fuska da gyale, kuma na tabbata ba za ta sake komawa wurin ba ko da ciwon ya ƙaru. Haka nan ba a ba mu wata takarda ta yadda za a kula da hujin ba, da baki kawai aka ce a riƙa gogewa safe da yamma, kada a cire 'yan kunnen sai bayan mako shida.

A rana ta uku kunnen hagu ya ɗan yi ja, na koma, matashiyar nan ta duba ta wanke ba tare da ta karɓi ko dala ba. Yanzu duka biyun sun warke sarai. Duk wadda za ta je, ta yi sammako kafin ƙarfe tara, ta riƙe karnen yarinya da 'yan kunnenta na gida. Hajiya har yau ba ta sauko daga ra'ayinta game da zanen ba, amma da aka haifi jikarta ta wajen ƙanen mijina, ita ce ta tambaye ni ranakun da matashiyar take aikin safe.